Shin Ko Kun San? Karatun Gaba da Sakandare a Ƙasar Haɗeja

Shin ko kun san cewa ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka yanke Jigawa daga Kano, babu jami'a ko ɗaya a faɗin sabuwar jihar? Ɗan Haɗeja mai neman digiri sai ya nufi Kano ko Zariya ko Maiduguri. Shekara 20 aka kwashe a haka, sai a 2011 gwamnatin tarayya ta kafa jami'a a Dutse.

Ko kun san jami'ar jihar kanta a masarautar Haɗeja take? An kafa ta a Kafin Hausa a 2013, zamanin Gwamna Sule Lamido, daga baya aka sa mata sunansa. Kusancin nan ba ƙaramin abu ba ne. Uban da ke Auyo ko Kaugama, wanda kuɗin mota da na haya a Zariya suka fi ƙarfinsa, zai iya barin 'yarsa ta je Kafin Hausa, ya aika mata da shinkafa da busasshen kifi ranar kasuwa.

A 2021 kuma aka ƙara jami'ar fasaha ta tarayya a Ɓaɓura.

Shin ko kun san kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman da ke cikin garin Haɗeja asalinta kwalejin aikin gona ce? A irin waɗannan makarantu ɗalibi yana yin shekara 2 ya karɓi ƙaramar difloma, ya fita shekara guda ta koyon aiki, sannan ya dawo ya yi wasu 2 na babbar difloma. Mai babbar ce kawai ake tura wa bautar ƙasa. Shekarar nan ta tsakiya ita ce ta fi tsaya mini a rai. A cikinta ake yi wa yarinya aure, a cikinta saurayi ke kama sana'a don ɗauke wa gida nauyi, kuma ba kowa ne Allah ke nufa da komawa aji ba.

Ko kun san kogi ma yana fitar da ɗalibi daga makaranta? Kuɗin rajista a nan daga fadama yake fitowa. A daminar 2022 ambaliya ta shanye gonaki a Auyo da Kirikasamma da Guri da kewayen Haɗeja. A shekarar ce kuma ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata 8 cur. Ɗalibi ya zauna a gida, da aka koma kuma rumbun mahaifinsa babu komai.

Tun Mayun 2024 asusun NELFUND na tarayya ke karɓar takardun masu neman bashin karatu marar ruwa. Ba a fara biya sai shekara 2 bayan gama bautar ƙasa. Ta intanet ake nema, don haka wanda ya iya ya taimaka wa ƙanensa na ƙauye, don Allah.

Shin ko kun san yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rutsa da ɗaliban likitanci da Jigawa ta tura can? Gwamnatin Malam Umar Namadi, wanda ɗan Kafin Hausa ne, ta nema wa da yawansu gurbi a Cyprus don kada karatun ya tsaya. Wannan ya cancanci yabo. Abin da nake roƙo shi ne a ranar yaye ɗalibai a riƙa faɗa mana lamba biyu: nawa aka ɗauka a shekarar farko, nawa kuma suka fita da shaida.

Aikin da ke jiran masu fitowa kuwa yana bakin ƙofa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan Kogin Haɗeja ta sauya, ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa, tana hana masunta da manoma sakat. Aikin noman rani na Kwarin Haɗeja da ke Auyo yana buƙatar injiniyoyin ban ruwa, da malaman gona da suka san alkama da shinkafa, da masu gyaran injinan da manomi ke jan ruwa da su.