Yadda kake gane kabu-kabu tun ba ka gan shi ba

Me ke faruwa?

Kana tafe a bakin Kasuwar Dole a Damagaram, sai ka ji ƙarar kabu-kabu ta hagunka, ka matsa gefe tun ba ka waiwaya ba. Kunne ne ya ɗauko ƙarar, amma ƙwaƙwalwa ce ta gano inda take da inda ta nufa.

Ta yaya take gane gefen?

Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya cikin iska. In babur yana hagunka, ƙararsa za ta riga isa kunnen hagu. Ratar ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Za ka ce wa zai iya auna wannan? Akwai wasu jijiyoyi a gindin ƙwaƙwalwa, kusa da inda ta haɗu da laka, aikinsu ke nan. Sannan kanka da kansa yana tare wani ɓangare na ƙarar, sai ta fi ƙarfi a kunnen da ke kusa. Wani masani ɗan Ingila, Lord Rayleigh, ya bayyana hanyoyin nan biyu a 1907. Yayin da babur ke tafiya ratar tana sauyawa, daga nan ƙwaƙwalwa ke bin sawunsa.

Me ya sa mai tahowa ya fi tayar da hankali?

Ƙwaƙwalwa tana nuna son kai a nan. A 1998 wani mai bincike a Amurka, John Neuhoff, ya nuna cewa ƙarar da ke ƙaruwa mutane kan ji kamar ta fi sauyawa fiye da wadda ke raguwa, ko da sauyin daidai yake. Abin da ke nufo ka kakan ɗauka ya fi kusa fiye da yadda yake, sai ka kauce da wuri. A ganina wannan kuskure ne mai amfani.

Muryar babur kuma tana yin ƙasa da zarar ya wuce ka. Christian Doppler ɗan Ostiriya ne ya bayyana dalilin a 1842.

Wa ke cikin haɗari?

Mai kunne ɗaya da ba ya ji sosai, da mai toshe kunne da abin sauraron waya a kan titi. Ko mai lafiyar kunne yakan ruɗe tsakanin gaba da baya, domin ƙarar tana isa kunnuwan biyu tare. A lungunan unguwar Birni ta Damagaram kuma katangu suna dawo da amo. Juya kai kaɗan yana warware ruɗin gaba da baya.

Nawa ne gwajin kunne?

Na gida kyauta ne. Rufe ido, wani ya zagaya ka yana kaɗa makullai, kai kuma kana nuna inda yake. In kana yawan kuskure a gefe ɗaya, je asibiti a duba kunnen.