BAYAN CIWO SAI TASHI: ABIN DA MAƘWABTANMU NA ANKA DA BUKKUYUM SUKA KOYA MANA

A yawon da mu ke yi cikin ƙungiyoyin gama kai na wajen Gwashi, akwai wata magana da mu kan ji sau da yawa. Mutum ya yi jiyya mai tsawo, ko ya binne ɗansa, ko ya sayar da shanun huɗarsa domin kuɗin magani, sai ya daina zuwa taro. In aka je gaishe shi sai ya ce, "Ni kam tawa ta ƙare." Domin irin waɗannan 'yan'uwa mu ka rubuta wannan, da kuma domin ku da ke zaune kusa da su. Ba labarin wata ƙasa mai nisa za mu ba ku ba. Abin ya faru a ƙasar Anka da ƙasar Bukkuyum, kusa da ƙofarmu.

YADDA CIWON YA SHIGO

A farkon shekarar 2010 mutanen waɗansu ƙauyuka suka ga agwaginsu suna ta mutuwa. Ba wanda ya damu ƙwarai, gama annobar tsuntsaye ba baƙuwa ba ce. Ba a daɗe ba sai abin ya koma kan yara ƙanana. Yaro ya kan fara da amai da ciwon ciki, sa'an nan jijjiga ta kama shi, ya suma, kafin kwana kaɗan ya rasu. Aka ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. A watan Maris na shekarar nan ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa, wadda a ke kira MSF, suka lura da yawan sababbin kaburburan yara. Da aka auna jinin yaran sai aka tarar gubar dalma ce.

Daga ina dalmar ta fito? A shekarun nan kuɗin zinariya ya hau ƙwarai a kasuwar duniya, manoma da yawa kuwa suka shiga haƙa da rani. Dutsen da su ke haƙowa yana da dalma mai yawa a cikinsa. Su kan kawo shi gida, a farfasa, a daka a turmi ko a niƙa a injin irin na niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta bi ɗaki, ta bi rijiya, ta sauka a kan abinci da kan ƙasar da yara ke rarrafe. Yaro kuwa hannunsa kullum a baki ya ke, jikinsa kuma ya kan shanye dalma ninki huɗu ko biyar fiye da na babba.

Masu bincike suka bi gida gida a Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. Suka tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda, watau ɗaya cikin kowane huɗu. In aka haɗa dukan ƙauyukan da abin ya taɓa, yaran da suka rasu sun kai wajen 400, dubbai kuma suka kamu. Ku duba fa, waɗannan iyaye ba mugunta suka yi ba. Abinci su ke nema wa 'ya'yan nan, abincin kuwa ya zo da mutuwa a cikinsa. Ba nauyin da ya fi wannan a zuciyar uba ko uwa.

ABU NA FARI: SUN KARƁI GASKIYA

Ba abu mai sauƙi ba ne a ce wa mutum sana'ar da ta saya masa babur ta kuma rufa masa ɗaki da kwano ita ce ta kashe ɗansa. Da fari waɗansu sun ɓoye yawan waɗanda suka rasu, don tsoron kada a hana su haƙa. Amma da sarakuna da masu unguwanni da limamai suka sa baki, mutane suka yarda a auna gidajensu da 'ya'yansu, aka kuma fitar da injunan niƙa daga cikin gari. Daga nan ne gyara ya soma.

Wannan darasi namu ne duka. Mai ciwon da ya ƙi faɗin abin da ke damunsa, ko ya ɗora wa maƙwabcinsa laifin sammu, ya kan ɓata kwanakin da ya kamata ya yi yana shan magani. Ƙarfin zuciya ba shi ne a ce ba kome alhali akwai kome ba. Mai ƙarfin zuciya ya kan kira ciwon da sunansa, sa'an nan ya tambaya, "To, yanzu me za a yi?"

ABU NA BIYU: SUN YI AIKIN DA HANNUNSU

Likitoci suka ce ba amfani a ba yaro magani a mayar da shi gidan da ke cike da guba. Dole a share gidan tukuna. Yadda aka yi kuwa shi ne, aka kankare ƙasar sama ta tsakar gida da ɗakuna da hanyoyi, aka zuba a buhuna aka kai wani rami da aka tanada nesa da gari, sa'an nan aka kawo ƙasa mai tsabta aka shimfiɗa. Masana daga wani kamfanin Amurka mai suna TerraGraphics da ƙungiyar Blacksmith da ma'aikatar muhalli ta Jihar Zamfara su ne suka nuna hanya, suna aunawa da na'ura. Amma yawancin masu riƙe da fartanya da shebur 'yan garin ne da kansu. Aka gama Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010. Daga baya aka bi Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru, aka gama a 2011.

Ku yi tunanin magidancin da ya binne 'ya'ya biyu, ga shi yau yana kankare ƙasar da suka yi wasa a kanta, buhu bayan buhu. Baƙin cikinsa bai tafi ba. Amma ya sami abin da zai yi da hannunsa domin waɗanda suka ragu. Mun lura haka abin ya ke ga kowane mai tashi daga ciwo. Zaman shiru a ɗaki ya kan ƙara nauyin zuciya, ɗan aiki daidai ƙarfi kuwa ya kan rage shi.

ABU NA UKU: SUN JURE DOGON MAGANI

Maganin dalma ba allura guda ba ce. Akwai wani magani da a ke ba yaro ya sha, shi kuwa ya kan kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. A kan yi makonni ana sha, a huta, a sāke auna jini, in dalmar ta sāke hawa a koma. Dalili kuwa, dalma ta kan ɓuya cikin ƙashi ta riƙa fitowa kaɗan kaɗan. Akwai yaran da suka yi shekaru ana bin su. Da farko iyaye mata suka bar gidajensu da damina suka zauna da 'ya'yansu a asibitocin Anka da Bukkuyum. Daga baya aka riƙa kai maganin ƙauyuka. Bayan an soma haka mutuwar yara ta ragu ƙwarai da gaske.

Bagega, wadda ta fi sauran girma, ta sha jira. Kuɗin share ta bai fito ba sai a watan Janairu na 2013, bayan mutane da yawa a ciki da wajen ƙasar nan sun yi ta kira ga Gwamnatin Tarayya. Kusan shekara uku ke nan iyaye suna kallon 'ya'yansu cikin ƙurar. Aka share garin a shekarar nan, aka soma ba yara magani. MSF ta yi fiye da shekara goma sha ɗaya a kan aikin, ta auna yara sama da 8,000, kafin ta miƙa shi ga hukumomin jiha a 2022. An kuma koya wa masu haƙa su jiƙa dutse da ruwa sa'ad da su ke aiki don kada ƙura ta tashi, su yi wanka su sāke tufafi kafin su shiga gida.

Hausawa sun ce mai haƙuri ya kan dafa dutse har ya sha romonsa. A nan kam dutsen na gaske ne. Amma ku lura, haƙurin nan ba na naɗe hannu ba ne. Haƙuri ne na uwar da ta kai ɗanta awo karo na goma, ko da ya ke ta gaji.

ABIN DA BAI DAWO BA

Ba za mu ruɗe ku ba. Maganin ya kan fitar da dalma, amma ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta lalace. Akwai yaran da suka rayu amma suka makance, ko jikinsu ya shanye, ko karatu ya yi musu wuya. Yawancinsu yanzu sun zama samari da 'yan mata. Iyayensu suna ɗauke da su har yau. Ban da wannan, ƙasar ta ga waɗansu masifu. 'Yan bindiga sun kashe mutane da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a watan Janairu na 2022, gonaki da yawa kuma ba su nomuwa saboda tsoro. A daminar 2024 ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Gummi. Wanda ya ce wa waɗannan mutane su manta da kome su yi murna, bai san abin da ya ke faɗi ba.

Tashi bayan ciwo ba lalle ne mutum ya koma yadda ya ke dā ba. Wani ya kan tashi da ɗingishi. Wanda dā ya ke noma kadada uku, watakila yanzu rabin kadada da kiwon awaki shi ne ƙarfinsa. Wannan ba abin kunya ba ne. Mu da maƙwabtanmu Musulmi duka mun san labarin Ayuba, mun kuma san bai ɓoye kukansa ba, amma bai saki Allah ba. Mun san kuma abokansa sun fi yi masa amfani sa'ad da suka zauna tare da shi shiru, da sa'ad da suka fara neman laifinsa.

ME ƘUNGIYARMU ZA TA YI?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba gida ɗaya a Dareta da ya iya share kansa shi kaɗai, gama ƙurar maƙwabci za ta dawo masa. Haka nan ba mai jiyyar da ke tashi shi kaɗai. Ga shawarwarinmu, ku tattauna su a taronku na gaba:

1. Ku sa ranar gayya. In ɗan ƙungiya ya kwanta da damina, a yi masa huɗa da noman fari. Gonar da ta rasa noman fari ta rasa shekara, ciwon wata ɗaya kuwa ya zama yunwar shekara guda.

2. Ku buɗe asusun jiyya. Kowa ya zuba mudu biyu ko uku na gero ko dawa da kaka, a ajiye a rumbun ƙungiya, mutum uku su riƙe lissafi. Da wannan za a hana ɗan'uwa sayar da sansa ko jinginar da gonarsa.

3. Ku sassauta bashi. Wanda ciwo ya hana shi biya, a ɗaga masa zuwa kaka ta gaba, a rubuta a littafi a gaban kowa don kada ya ji kunya.

4. Ku ba mai murmurewa aiki. Ya riƙe littafin taro, ko ya lura da awon hatsi, ko ya tsare gandun renon itatuwa. Mutum yana bukatar ya ji ana bukatarsa.

5. Ku ci gaba da ziyara. Kowa ya kan zo a makon fari. Wata na uku ne gida ya kan yi shiru, lokacin ne kuwa zuciya ta kan karaya. Ƙungiyar mata ta tuna da mai jiyya ita ma, gama mai kula da mara lafiya ta kan gaji ba wanda ya tambaye ta. In kun ga mutum ya daina cin abinci da barci, ko yana maganar gara ya mutu, kada ku bar shi shi kaɗai, ku raka shi asibiti.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Haƙar zinariya ba ta ƙare ba, dalma kuma tana nan cikin dutse. A 2015 irin wannan ciwo ya ɓulla a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, ya kashe yara. Saboda haka kada a kawo dutsen haƙa ko buhunsa cikin gida. Kada a daka shi a turmin abinci, kada a niƙa shi a injin hatsi. Mai haƙa ya wanke jiki ya sāke riga kafin ya ɗauki yaro. Yara da mata masu ciki kada su je wurin niƙa. A wanke hannun yara kafin su ci abinci, a kuma ciyar da su da wake, zogale, nono, ƙwai da kifi in an samu, gama cikin da ba kome ya fi shan dalma. Ku sani kuma kwallin da a ke sa wa jarirai a ido sau da yawa daga dutsen dalma a ke yin sa. In yaro ya kama jijjiga, maganin zazzaɓi kuwa bai yi ba, ku gaya wa likita in akwai mai aikin haƙa a gidan.

Kafin taronku na gaba, kowa ya tuna da mutum ɗaya da ya daina zuwa tun da ciwo ko rashi ya same shi. Ku je ku biyu ku gaishe shi, ku tambaye shi wace rana ce za a zo masa gayya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu damina mai albarka.