Kuɗin Karatun Yara A Nguru Da Gashuwa: Kogi Ne Ke Yanke Shawara

'Yan'uwanmu mazauna Agege da Sabon Ibadan, masu aika kuɗi gida, sun sha tambaya: tun da an ce ilmin firamare kyauta ne, ina kuɗin ke tafiya?

Gaskiya ne Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin ilmi kyauta na UPE a 1976, dokar UBE ta 2004 kuma ta miƙa shi har aji uku na ƙaramar sakandare. Amma kyautar ba ta haɗa da rigar makaranta da takalmi da littafin rubutu ba. Kuma yaron da ke aji, ba ya cikin kwalekwale, ba ya korar tsuntsu a gonar shinkafa. Wannan asarar ita magidanci ke fara lissafawa.

A ƙasar Bade da Nguru aljihun talaka yana bin ruwa ne. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadama ta sauya hali, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, kifi da shinkafa suka ja baya. Shekarar da ruwa ya wuce kima, kamar 2022, gonaki su nutse. To, wanda rumbunsa ya ƙare kafin bazara, da me zai biya kuɗin jarrabawa? Ga kuma ciwon ƙoda da ya addabi Gashuwa. Gidan da ke kai majiyyaci wankin ƙoda, kuɗin karatu ne ke fara tafiya.

Batun 'ya'ya mata ya fi wuya. Bayan sace ɗalibai 110 a Dapchi cikin Fabrairun 2018, ba kuɗi kaɗai uba ke aunawa ba kafin ya kai 'yarsa makarantar kwana.

Abin da ya sauƙaƙa shi ne kusanci. Da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilmi ta Umar Suleiman, ɗan Bade na iya karatu yana cin tuwon gidansu, ba sai an biya masa mota da ɗaki a Maiduguri ba.

Shawararmu ga masu aike: a ware kuɗin makaranta daban da na cefane, a aika shi daidai lokacin komawa hutu, a kuma nemi ganin sakamakon yaro. Kuɗin da ya iso ana tsakar hidimar biki, da wuya ya ga ƙofar aji.