Inabi: Sunan da ya riga ɗan itacen isowa Adar

A kasuwar Tawa, ɗan boko kan ce "rezan" da Faransanci, malamin allo kuwa ya ce inabi. Kalmar aro ce daga Larabci, "inab", kuma tana cikin Alƙur'ani, har a Suratu Abasa. Busasshensa, zabibi, shi ma daga Larabci ya samo suna.

Gero da albasa aka san Adar da su, shi ya sa mutane da yawa suka fara jin sunan a makarantar allo kafin su ga ƙwayarsa.

Sai dai ƙasar Hausa na da faru, itacen daji mai ƴaƴa gungu-gungu, wanda masu jin Faransanci ke kira inabin daji. Sunansa ne yaran birni da ƴaƴan ƴan cirani a Abijan ke neman mantawa.