3.4 Matsalar Sauya Mazaunin Aiki Kafin Goge Folda

A wannan sashe za a duba wata matsala da ke yawan aukuwa a rubutaccen umarni, wato jerin umarnin da ake tarawa a fayil guda domin kwamfuta ta zartar da su ɗaya bayan ɗaya. Kowane shiri da ke gudana yana da foldar da yake tsaye a cikinta, wadda a wannan nazari aka kira mazaunin aiki. Umarnin cd shi ne ke sauya wannan mazauni. Shi kuwa rm -rf * a tsarin Unix, yana goge fayiloli da foldojin da ya tarar a inda aka tsaya, ba tare da tambaya ba, kuma abin da ya goge ba ya shiga kwandon shara.

Idan aka lura, haɗarin yana tsakanin waɗannan umarni biyu ne. In cd ya kasa, ko don an yi kuskuren harafi ko don an ɗauke foldar, kwamfuta ba ta tsayawa. Sai ta nuna saƙon kuskure, ta wuce layi na gaba, gogewar ta faɗa kan tsohon mazauni.

Alal misali, a watan Janairun 2015 an gano irin wannan aibi a manhajar Steam ta Linux, mallakar kamfanin Valve. An dogara da cd wajen cika gurbin STEAMROOT da adireshin folda, daga baya aka rubuta rm -rf "$STEAMROOT/"*. Da gurbin ya zama fanko, sai umarnin ya koma rm -rf /*, wato gogewa tun daga tushe. Wanda ya kai ƙorafin ya rasa fayilolinsa, har da na faifan ajiya da ke jone da na'urar.

Saboda haka bai kamata a raba umarnin biyu ba. Ana haɗa su da alamar &&, yadda na biyu ba zai gudana ba sai na farko ya yi nasara. Mafi aminci ma shi ne a ba rm cikakken adireshi, bayan an tabbatar gurbin ba fanko ba ne.

A Windows kuwa matsalar ta ɗan sha bamban. Umarnin cd ba ya tsallakawa daga faifan C zuwa D sai an ƙara masa /d. Haka kuma rmdir yakan ƙi goge foldar da shiri ke tsaye a cikinta, don haka sai an fara fita daga cikinta tukuna.