Dusar Ƙanƙara da Aikin Hukuma: Abin da Birnin Shikago Ya Koya



Mai yiwuwa wani ya tambaya, me ya haɗa malamin Hausa da dusar ƙanƙara? Amsa ita ce sunan da kansa. Bahaushe ya san ƙanƙara, wadda kan zubo da ruwan farkon damina, ya kuma san dusa, wadda kan fita daga hatsi in an surfa. Da ya sami labarin wani farin abu mai laushi da ke saukowa daga sama a ƙasashen sanyi, sai ya haɗa kalmomin biyu ya raɗa masa suna. Na zauna shekaru a yankin birnin Shikago na ƙasar Amurka lokacin da nake karatu, na kuwa tarar sunan ya dace. Maƙasudin wannan lacca shi ne in bayyana yadda mutanen birnin ke jiran wannan dusa, da yadda suke kwashe ta, da yadda suke tunawa da manyanta, domin a can ita ce ma'aunin da talaka ke auna hukumarsa da shi.

Jiran Dusa

Ita dai dusar ƙanƙara tana samuwa ne idan tururin ruwa ya daskare a cikin gajimare, ya zama 'yan ƙananan ƙwayoyi masu kusurwa shida, sa'an nan ya sauko ta cikin iska mai sanyin da ba zai bar shi ya narke ba. Yawancinta iska ce, shi ya sa akan ƙiyasta cewa inci 10 na dusa in ya narke bai fi inci 1 na ruwa ba. Shikago kuwa tana bakin Tafkin Mishigan ne, saboda haka idan iska mai tsananin sanyi ta ratso ta kan ruwan tafkin takan ɗebo laima ta juye wa birnin. A shekara akan sami wajen inci 38.

Tun daga watan Nuwamba ake fara zuba ido. Yara na jira don wasa da hutun makaranta, masu kantuna na fito da shebur da buhunan gishiri bakin ƙofa, tsofaffi kuwa na jira da fargaba saboda santsi. Wani lokaci jiran kan yi tsawo. Alal misali, a 2021 ba a sami dusar da za a iya aunawa ba sai ran 28 ga Disamba, jinkirin da ba a taɓa rubuta irinsa ba a birnin.

Ita hukuma nata jiran aiki ne, don ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ƙwaya ɗaya ta faɗo an riga an jibge gishiri a rumbuna, an gyara motoci, an raba wa direbobi titunan da kowa zai bi. Haka nan kuma, daga 1 ga Disamba zuwa 1 ga Afrilu an hana ajiye mota a wasu manyan tituna masu tsawon mil 107, daga ƙarfe 3 zuwa ƙarfe 7 na safe, ko akwai dusa ko babu. Wanda ya manta, sai ya wayi gari an ja motarsa.

Kwashe Dusa

Aikin kwashewa ya kasu kashi biyu, wato na hukuma da na mai gida. Hukuma ke da titi. Tana da manyan tifofi kusan 300, kowace an ɗaura mata wani faffaɗan ƙarfe a goshi irin na gireda, tana ture dusa gefe, tana kuma watsa gishiri ta baya. Amfanin gishirin shi ne yana hana ruwa daskarewa da wuri, amma idan sanyi ya kai wajen digiri 9 ƙasa da sifiri ƙarfinsa kan ragu ƙwarai, sai an gauraya shi da wasu sinadarai. Yana da nasa aibin, domin yakan ci ƙarfen mota da na gada, ya kuma gangara cikin koguna. Manyan tituna ake fara sharewa saboda bas-bas da motocin asibiti da na kashe gobara, daga baya a shiga cikin unguwanni.

Mai gida kuwa shi ke da hanyar masu ƙafa da ke gaban gidansa. Doka ta ce dusar da ta zuba da rana a kwashe ta kafin ƙarfe 10 na dare, wadda ta zuba da dare kuma kafin ƙarfe 10 na safe, in ba haka ba a ci mutum tara. Kada a raina wannan aiki. Jiƙaƙƙiyar dusa nauyi gare ta kamar jiƙaƙƙen yashi, sanyi kuma yana matse jijiyoyin jini, don haka bayan kowace babbar dusa akan ji labarin dattawan da zuciyarsu ta buga suna riƙe da shebur.

Akwai kuma wata al'ada wadda ba ta cikin littafin doka. Idan mutum ya sha wahala ya tone gurbin ajiye motarsa a bakin titi, in zai fita sai ya ajiye tsohuwar kujera ko bokiti a wurin, ma'ana “na riga”. Wasu na ganin haƙƙin gumi ne, wasu na cewa titi na kowa ne, har yau kuwa gardamar ba ta mutu ba.

Tunawa da Manyan Dusa

Kamar yadda kakanninmu suka riƙa ƙirga shekaru da yunwar Kakalaba ta 1914, haka mutanen Shikago ke ƙirga nasu da manyan dusa. Uku daga ciki sun isa misali.

Ta farko ita ce ta 26 da 27 ga Janairu, 1967, wadda ta kai inci 23, ba a kuma sake yin kamarta ba. Kwana biyu kafin ta, gari ya yi ɗumi har digiri 18, mutane suka saki jiki. Da ta barke, an riga an fita aiki da makaranta, sai aka bar dubban motoci da ɗaruruwan bas-bas a tsakiyar titi, mutane suka kwana a ofisoshi da makarantu. An rasa rayuka da dama. Da aka rasa inda za a zuba ta, har a taragun jirgin ƙasa aka loda wata aka yi kudu da ita.

Ta biyu, ta tsakiyar Janairu, 1979, ita ce ta fi shafar ma'aikata. Inci 20 ne da 'yan kai, amma ta sauka a kan wadda ba a gama kwashewa ba tun sabuwar shekara. Aka yi makonni unguwanni na toshe, shara ta taru. Magajin gari Michael Bilandic ya sanar da cewa an share wasu filaye inda jama'a za su kai motocinsu, da aka je sai aka tarar da yawa ba a taɓa su ba. Daɗin daɗawa, don a rage jinkiri sai aka sa jiragen ƙasa na cikin gari su riƙa wuce wasu tashoshi ba tsayawa, akasarinsu kuwa a unguwannin baƙar fata suke. Mutane na tsaye cikin sanyi suna kallon jirgi na wuce su. Ran 27 ga Fabrairu aka yi zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Dimokuraɗiyya, Jane Byrne ta kayar da shi, ta kuma zama mace ta farko da ta riƙe birnin. A lura, ba wanda ya zargi Bilandic da saukar da dusa. Abin da ya kayar da shi faɗin abin da ba haka yake ba, da fifita wasu unguwanni a kan wasu.

Ta uku, ta 1 da 2 ga Fabrairu, 2011, a kan idona aka yi ta. Inci 21 ta yi, ga iska, ga tsawa da walƙiya a cikin dusa, abin da ban taɓa zaton yana yiwuwa ba. A babban titin bakin tafki motoci wajen 900 suka maƙale, wasu mutane suka yi sa'o'i masu yawa a ciki kafin a cece su. Da gari ya waye na fita da shebur, na tarar maƙwabtan da ba mu taɓa gaisawa ba sun taru suna tone ƙofar wata tsohuwa kafin su taɓa tasu. Bayan wannan ne hukuma ta buɗe mashigai a tsakiyar wancan titi don motoci su iya juyawa, a 2012 kuma ta fito da taswira a intanet inda kowa zai ga inda kowace tifa take aiki.

Kammalawa

Idan muka duba za mu ga cewa dokar ajiye mota, da rumbunan gishiri, da mashigan titi, da taswirar tifofi, duk tabon wata tsohuwar wahala ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, shi ya sa tun daga 1979 ba magajin garin Shikago da ke barci in an ce dusa na tafe. Mu ba mu da dusa, amma muna da abin da muka san watan zuwansa kowace shekara. Don haka ina roƙon ma'aikatan da ke wannan zaure, kowa in ya koma ofis ya buɗe fayil ɗin daminar bara, ya duba ko an rubuta inda ruwa ya tsaya, da abin da aka gyara tun daga ranar.