Dalilin da Amosanin Jini Ba Ya Nuna Kansa a Watannin Farko

A Kauru akan haifi yaro lafiya lau, a yi suna, sai ya kai wata shida hannuwa da ƙafafu su soma kumbura. Iyaye sukan zargi iska ko sammu, alhali kuwa amosanin jini ne, watau sikila, wanda yaron ya gada daga uwa da uba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar irin waɗannan yara 150,000 kowace shekara a Nijeriya.

Amsar jinkirin tana cikin DNA, zaren gado wanda tsawonsa ya kai mita 2 a kowane tantanin jiki. Rubutunsa da haruffa 4 ne kurum: A, C, G da T. Zaren yana naɗe jikin wasu dunƙulen furotin, histon, kamar zare a mazari, haruffa 147 a kowane naɗi. Wannan naɗaɗɗen zare shi ake kira kuromatin. Inda naɗin ya matse ba a iya karanta rubutun. Inda ya sassauta ne umarni ke fita.

Kowace ƙwayar gado tana da zaure a gabanta, kuma jerin haruffan zauren ne ke nuna wane furotin zai zauna a wurin, ya buɗe ko ya rufe. Jariri yana da himogulobin irin na tayi, wanda ba ya barin jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje. Bayan haihuwa wani furotin mai suna BCL11A yakan kama haruffan TGACCA a zauren, ya jawo masu matse naɗin, a rufe. Daga nan sai na sikila ya karɓi aiki. Akwai iyalan da harafi ɗaya ya sāke musu a daidai wurin. Zaurensu ba ya rufuwa sosai, ciwon kuwa yakan zo musu da sauƙi.

A 2023 Ingila da Amurka suka amince da maganin Casgevy mai rage ƙarfin BCL11A, amma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka nesa. Abin da ke kusa shi ne ƙwayar hydroxyurea, wadda ke ƙara himogulobin na tayi, bisa umarnin likita. Saboda haka ana jawo hankalin ma'auratan da dukkansu AS ne su kai jariri gwajin jini tun kafin kumburi ya bayyana.